Takalmin ƙafar dama

Ni baduku ne, ɗan baduku. A cikin garin Sakkwato aka haife ni, ba nisa da Hubbaren Shehu, kuma tun ina ɗan shekara 9 nake zama gaban mahaifina a zaure ina miƙa masa basilla da zare. Sana'armu a ƙasa ake yin ta. Ka shimfiɗa buzu, ka tanƙwashe ƙafa, ka ɗora fata a cinya, tun hantsi har la'asar sakaliya. Da fatar jar akuyar nan tamu, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, muke ɗinka gafaka da kube da tumtum da jakar mata da takalma. Wannan jikin, wanda ya haura shekara 30 yana zaune ƙasa, shi na kai gaban likita.

A gwiwar dama ciwon ya fara, ina da shekara 33. Daga baya ya hau matsematsi, musamman in na miƙe daga dogon zama ko zan ɗaga ƙafa in hau babur. Aka ce sanyin ƙashi ne. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha ƙwayoyin kemis har cikina ya fara ƙuna. Wani maɗori ya yi kwana bakwai yana murzar gwiwar da man shanu, alhali gwiwa lafiyarta ƙalau. Bayan shekara biyu sai baya ya karɓa. Tsatsona ya riƙe, tsayuwar sallar asham ta gagare ni, in na kwanta rigingine sai in ji kamar an cusa min dutse a gadon baya. A wani asibitin kuɗi aka ɗauki hoton baya, aka ce ƙashin ya ɗan karkace, aka ba ni bel na ɗaurawa da allurai. Wata takwas ina jinyar baya. Babu wanda ya ce in kwanta ya juya cinyata ya gani, kuma wannan yana ci min rai har yau, domin minti biyu ya isa a gane.

Inna ce ta fara gani. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Wata rana na fito daga ɗakinta, ashe tana bin bayana da kallo. Ƙanwata ta faɗa wa, ba ni ba: "Yaron ga tahiyatai ta sake. Dibi yadda shika gantsarewa, kahwaɗa guda ta ɗara guda."

Ni ma na lura dunduniyar dama ba ta son taɓa ƙasa. Sai na yi abin da hannuna ya iya. Na yanki robar taya na ƙara a ƙasan takalmin dama, na lulluɓe gefen da fata yadda ba mai ganewa. Na fara da santimita 1. Bayan wasu watanni na mai da shi 2. Kafin shekara biyu ta cika ina taka santimita 4, kuma duk sabon takalmin da zan yi wa kaina sai na yi ƙafa ɗaya mai tudu. A titi asirina a rufe yake. A ƙofar masallaci kuwa, inda kowa ke tuɓe takalmi, ɗingishin ya fito fili.

A 2021 ƙanwata, wadda ke aikin jinya, ta ƙi barina sai da na je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likitan ƙashin da na gani bai fara da hoton bayan da na ɗauko ba. Ya ce in yi tafiya zuwa ƙofa in dawo, ba takalmi. Sannan ya kwantar da ni rigingine, ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin tsatsona, ya ce in rungumo gwiwar hagu zuwa ƙirji. Ina jawo ta, bayana ya sauka ya danne hannunsa, cinyar dama kuma ta tashi daga kan gado da kanta. Na yi na yi in mayar da ita, ta ƙi.

Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Cinyarka ta daɗe da daina miƙewa. Bayanka ne ke rufa mata asiri."

Ya ɗauko tef irin na tela. Ya auna daga tsinin ƙashin kwatangwalo na gaba zuwa idon sawu, dama da hagu: bambancin santimita 2. Ya sake aunawa daga cibiya: santimita 4. Ni mai awo ne, nan take na ce ɗaya daga cikin awon nan ba daidai ba ne. Ya ce duka daidai ne. Santimita 2 ƙashi ne ya lotse. Sauran 2 karkacewa ce, domin cinyar ta ƙage ta yi ciki, kwatangwalo ya ɗaga ta wannan gefe don in samu in taka. Ashe rabin robar da nake ƙarawa a takalmi karkacewar take tallafa wa.

Hoton ya nuna kan ƙashin cinya, wanda ya kamata ya zama mulmulalle kamar lemu, ya yi kamar ƙwaryar da aka taka. Gwajin jini ya nuna SC, wato wani nau'in sikila. Ban taɓa sani ba. A tunanina sikila ta yaran nan ce masu SS, masu rawayan ido da ake kwantarwa asibiti duk wata. Ni dai nakan yi ciwon ƙashi da hunturu, in sha magani ya wuce. Likitan ya ce masu SC da yawa haka suke, sai sun girma ake ganewa, kuma kan ƙashin cinya na cikin wuraren da cutar ta fi ɓatawa, saboda hanyoyin jinin da ke ciyar da shi 'yan kaɗan ne, in suka toshe ƙashin ya mutu, nauyin jiki ya murƙushe shi sannu a hankali. Ciwon gwiwar ma daga can yake saukowa ta jijiya.

Bayanin da ya yi min na kwatangwalo shi ya zauna min a kai. Ya ce in ɗauke shi kamar akushi da aka ɗora kan ginshiƙai biyu, wato ƙafafu, ƙashin baya kuma an kafa shi a bayan akushin. In ginshiƙi ɗaya ya gajarta ko ya ƙage, akushi zai karkata, ƙashin baya kuma ba zai yarda kai ya bi karkatar ba, sai ya lanƙwasa ta ɗaya gefen don ido ya ci gaba da kallon gaba daidai. In cinya ta ƙi miƙewa, akushin ya tuntsura gaba, ƙasusuwa biyar na tsatso su lotsa ciki don mutum ya iya tsayuwa. Gantsarewar da Inna ta gani ke nan. Ya ce likitoci biyu, Offierski da MacNab, sun yi rubutu tun 1983 kan yadda ciwon ƙugu da ciwon baya ke shiga rigar juna har a yi ta jinyar ɗaya alhali ɗayan ne tushe. Ya rubuta min sunayen a bayan katina, har yanzu ina da shi.

Magani ɗaya ya rage: a cire gaɓar a sa ta ƙarfe, mai ƙwallo da kofin da ƙwallon zai zauna ciki. Kuɗin miliyoyi ne. Na sayar da filin da nake tanadin gini a wajen Arkilla, yayyena da surukaina suka kawo nasu, 'yan'uwana dukawa suka yi karo-karo ba tare da na roƙa ba. Allah Shi saka musu. A watan Nuwamba na 2022 muka tafi Kano, inda aka yi aikin.

Kafin tiyata likitan can ya sa aka ɗauke ni hoto biyu ta gefe, ɗaya ina tsaye, ɗaya ina zaune kan kujera. Na tambaye shi dalili, tunda ƙugu za a yi wa aiki. Ya jera hotunan ya nuna min. Mai lafiyar baya in ya zauna, kwatangwalonsa na mirginawa baya kamar digiri 20, sai bakin kwarmin da kan cinya ke zaune ciki ya buɗe ta gaba, cinya ta samu wurin tahowa. Wanda bayansa ya sandare, ko don tsufa ko don an ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe, mirginawar ba ta kai digiri 10 ba. Dole gaɓar ƙugu ta ɗauki dukkan lanƙwasar ita kaɗai, wuyan ƙarfen ya daki bakin kofin, ƙwallon ya goce ta baya. Ya ce a da awo ɗaya ake bi wa kowa, a kishingiɗar da kofin kamar digiri 40 ya ɗan kalli gaba kamar 15, sai aka ga wasu na gocewa duk da an sa shi daidai awon, saboda kwatangwalo ba tsaye yake wuri ɗaya ba. Ya ƙara da cewa sikila kan taɓa ƙasusuwan baya su ma, shi ya sa bai yarda ya yanka ni ba sai ya ga nawa. Alhamdu lillahi, nawa bayan yana motsi. Lanƙwasar ta dole ce, ba ta riga ta daskare ba.

Na ga abin da yake nufi da idona. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wani dattijo da aka taɓa ɗaure masa ƙashin baya da kusoshi a ƙasar waje, daga baya aka canza masa ƙugu. Ya zauna kan 'yar kujerar alwala, ya sunkuya zai wanke ƙafa, gaɓar ta fita. Karo na biyu ke nan. An kawo shi ne a sake masa kofi da wani iri mai motsi biyu, wanda aka fara yi a Faransa, mai wuyar gocewa. Da dare yakan kira ni, "Ɗana, kana barci?" mu yi ta hira har mai jinya ta zo ta ce mu yi shiru.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa da yawa. An ƙara min jini da ruwa tun kafin a shiga saboda sikilar, aka yi min allurar baya, ina jin ƙarar guduma kamar a maƙera amma ba zafi. An yanke mataccen kan, an soka ƙarfe cikin ƙashin cinya, an ɗora masa ƙwallo, an kafa kofi mai roba a ciki a kwatangwalo. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan tsari a farkon shekarun 1960. Ta baya aka shiga, don haka aka kafa min sharuɗɗa na wata uku: kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo in na zauna, kada in harɗe ƙafa, kada in juya ƙafar ciki.

Washegari aka tsayar da ni da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ina taka ƙasa gabana ya faɗi. Ƙafar dama ta yi tsawo. Ji na yi kamar na taka bulo da ita, ta hagu na lilo. Na ce wa ƙanwata an yi kuskure, an sa min ƙarfen da ya fi ƙarfina. Daren nan ban runtsa ba, ina tuna filina da kuɗin mutane. Da safe likita ya zo da sabon hoto, ya ja layi a ƙasan kwatangwalo ya auna gefe biyu a gabana. Bambancin bai kai rabin santimita ba. Ya ce tsokokin gefen ƙugu sun shekara da shekaru a takure saboda ƙashin ya lotse, yanzu an mayar da tsawon sai suka ɗame kamar fatar ganga, suna jan kwatangwalo ƙasa ta wannan gefe. Ga kuma jiki da ya saba da gajeriyar ƙafa har ya ɗauka ita ce daidai. Ya ce in ba shi wata uku zuwa shida, kuma kada in ƙara komai a takalmi. Na ce to da baki, zuciyata ba ta yarda ba.

Dawowa gida yini guda muka yi. Kujerar gaba aka kwantar min, aka tara filo don in yi tudu. Muka tsaya Funtuwa, muka tsaya Gusau, muka tsaya Talata Mafara, ko'ina sai an fito da ni na ɗan taka saboda gudun daskarewar jini a ƙafa.

A gida na gane duk rayuwarmu a ƙasa take. Masai na tsuguno ne, sai da aka sayo kujera mai rami aka ɗora. Katifata a ƙasa take, aka kawo gado aka ɗaga ƙafafunsa da bulo. Alwala a tsaye, maiɗakina ke wanke min ƙafar dama. Tuwo ana ci a tabarma, yarana sun kewaye kwano, ni ina can sama kan kujera da faranti kamar baƙo. Amma abin da ya fi yi min nauyi gaisuwar Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ran da na fara takawa zuwa ɗakinta na tsaya bakin ƙofa da sanduna biyu, na rasa yadda zan yi, jikina na son durƙusawa. Ta gane. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kak ka duƙa. Na yahe. Allah Shi ba ka lahiya." Kashegari na tarar ta sa an ajiye doguwar kujera a ɗakin, ita kuma ta koma zama bakin gado don kada in rasa inda zan sa idona.

A mako na biyar haƙurina ya ƙare. Bayan ya tsananta fiye da kafin tiyata, ƙafar na nan da tsawonta. Na sa yaron shagona ya kawo min roba da gam da wuƙa, na yi wa takalmin hagu ƙarin santimita 1 da rabi. Ina sawa na ji daɗi, na ji na daidaita. Kwana huɗu na yi da shi kafin ranar zuwa gashin ƙashi. Mai gashin, wani matashi mai natsuwa, ya dubi ƙafata tun daga ƙofa.

"Baba, wa ya rubuta maka wanga takalmi?"

Na ce ni na yi.

Bai yi faɗa ba. Ya tsayar da ni gaban madubi ba takalmi, ya ɗora manyan yatsunsa kan tsinin ƙashin kwatangwalona biyu, na dama ya sauka ƙasa da na hagu. Ya ce in matso da ƙafafuna su haɗu. Na kasa, ta dama ta tsaya a buɗe. Ya ce, "Ka gani, ranka shi daɗe, ƙahwar ba ta ƙaru ba, a buɗe take tsaye. In ka ɗaga ta hagu, ka ba karkacewar wurin zama ke nan. Tsoka ba ta sakewa, baya ba ya komawa." Na tuna robar santimita 4. Kuskuren da na yi shekara biyu ina yi a dama, shi na fara a hagu. Na bar takalmin a wurinsa na koma gida da silifa.

Daga nan na riƙi motsa jikin kamar wuridi. Kwanciya rubda ciki don gaban cinya ya miƙe, tun ina minti biyu har na kai 20. Ɗaga ƙugu daga kwance. Tsayuwa a riƙe da bango ina buɗe ƙafa gefe. Tafiya gaban madubi hannuwa a ƙugu, ina kallon kada gefe ɗaya ya faɗi. Bayan asuba nakan taka daga ƙofar gida zuwa bakin titi, sandar a hannun hagu kamar yadda aka koya min, cikin sanyin hunturu na naɗe da bargo saboda sikila ba ta son sanyi. Babu ranar da zan nuna in ce yau ƙafar ta daidaita. Cikin wata na huɗu ne wata safiya na isa bakin titi na tuna ban yi tunanin ƙafar ba ko sau ɗaya.

Baya ya fi jinkiri. Sai wajen wata na bakwai na iya kwanciya rigingine tsatsona ya taɓa katifa. Gantsarewar ta ragu sosai, kafaɗu sun daidaita, riguna ma sun canza zama a jikina. Ciwon bai tafi duka ba. In na daɗe a tsaye yakan taɓa ni, kuma likita ya faɗa min tun farko cewa mutane da yawa bayansu na samun sauƙi bayan an gyara ƙugu, amma wanda ƙashin bayansa ya riga ya lalace da kansa ba lalle ya rabu da shi ba. Ina faɗin wannan don kada mai ciwon baya ya karanta labarina ya ɗauka ƙugunsa ne. A duba duka biyun, shi ne abin da ban samu ba shekara da shekaru.

Salla ita ce na fi yi wa kuka. Wata uku ina tsayuwa, in yi ruku'u gwargwado, in zauna kan kujera in yi nuni da sujada. Malaminmu na zaure ya tuna min babin da muka karanta muna yara a Ahalari, na halaye bakwai da ake yin sallar farilla a kansu, da hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Na san hukuncin, amma goshina na kewar ƙasa. Da na koma Kano ganin likita na roƙe shi ya bari in nuna masa yadda muke zaman tahiya. Ɗan rakiyata ya zauna a ƙasan ofis ya gwada: mazaunin hagu a ƙasa, ƙafafu sun fita ta dama, ƙafar dama a kafe. Likitan ya daɗe yana kallo. Ya ce sujada zan iya, in na sauka a hankali gwiwoyi a buɗe, ƙafar da aka yi wa aiki tana baya. Wannan zaman kuwa yana haɗa lanƙwasa da juyawa ciki a cinyar dama, su ne abubuwa biyun da ke fitar da ƙwallo ta baya. Ya ce in nemi wani zaman. Yanzu kan dugadugaina nake zama da ɗan matashi tsakani. Sujadata ta farko a goman ƙarshe na azumin 2023 na yi ta, a ɗakina, maiɗakina na tsaye kusa ko da zan kasa tashi. Na daɗe ban ɗago ba.

Aiki na koma, amma ba a buzu ba. Kafinta ya yi min tebur da doguwar kujera, ni kaɗai ne baduku mai tebur a layinmu. Hannu ya ɗauki lokaci kafin ya saba, domin da cinya da yatsun ƙafa muke riƙe fata, yanzu sai da matsi na ƙarfe. Ƙugun hagu ma hoto ya nuna alamar farko ta irin wancan ciwo, abin da aka ce yakan faru ga masu sikila, don haka duk shekara ina zuwa a ɗauka, kuma ba na wasa da shan ruwa, balle a zafin Maris da Afrilu na garin nan.

Watannin baya wata mata ta zo shago daga Mabera da ɗanta, saurayi ɗan shekara 17, siriri, idonsa da ɗan rawaya. An faɗa mata ina yin takalmi mai tudu. Ta ce, "Malam, ƙahwatai guda ta gajarta, a ƙara mai ko yatsa biyu." Na ce yaron ya tuɓe takalmi ya taka zuwa bakin hanya ya dawo. Ya tafi yana gantsare, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya. Na tambaye ta ko an taɓa ɗaukar hoton ƙugunsa, ta ce gwiwa yake kuka da ita, gwiwar aka ɗauka. Na rufe shago, na kira ƙanwata a waya na ce ta jira mu a bakin ƙofar asibiti, na tare mana Keke Napep.